Yashi a Ramin Ɓauna

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
9 ga Janairu

Zuwa ga angona, Malam Datti na Rano,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar jika mai kewar kakanta, da fatan ƙafar nan ta ƙyale ka kana zuwa masallaci da kanka. Ina gaida Gwaggo Bintu, wadda na san ita za ta buɗe wayarta ta nuna maka hoton takardar nan. Tunda ka ce kunnenka ya daina jin maganar waya, kuma ba za ka zauna kana yi wa ƙarfe surutu ba, to ga ni na koma biro da takarda saboda kai. 'Yan ɗakinmu sai dariya suke mini.

Ni lafiyata ƙalau, sai zafi da gumi. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a hawa na sha ɗaya, idan ɗaya za ta yi salla sai ukun su hau gado.

Aikin da na zo yi ya kankama. Ka riƙe hularka kada ta faɗi: ɓauna nake kiwo. E, ɓauna! Ba irin ta dawa da maharba ke ba da labari ba. Wannan ta gida ce, baƙa wuluk, ƙahonta a nannaɗe, ana tatsar ta safe da yamma, nononta kuma ya fi na saniya maiƙo. Gonar tana can bayan gari, sai na hau jirgin ƙasa na cikin gari da suke kira LRT, na sauka na hau bas, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa.

An ba ni mata ashirin da huɗu. Sha biyu za su zauna a ƙaramin shinge mai daɓen siminti, rufe da kwano gaba ɗaya, inda kowace da ƙyar take juyawa. Sha biyu kuma a babban shinge, rabinsa rumfa, rabinsa fili. Abinci ɗaya, ruwan sha ɗaya, bijimi ana zagayawa da shi. Daga Fabrairu zuwa Yuni zan zuba ido: wace ta nemi bijimi, wace ta ɗauki ciki, su wa ke faɗa, wace ke samun wurin kwanciya ta yi tuƙa. Abin da ake son sani shi ne ko matsi yana hana su haihuwa. Idan na gama, na miƙa kundina a Satumba, tallafin karatuna da bizata su ƙare a Oktoba, ka gan ni a ƙofar gida.

Ga abin da ya hana ni sukuni. A kusurwar babban shingen akwai wani kwari da suka tone ya zama ramin taɓo. Kaka, ƙazanta ba a magana! Har wuya suke shiga su kwanta, su fito suna ɗiga. Duk sanda na gan shi sai na tuna daminar da kofaton jar saniyarka ya ruɓe, muka kwana uku muna jin kukanta. Kuma ƙaramin shingen ba shi da irin wannan rami, ni kuwa so nake ya zama faɗin wuri kaɗai ya raba su. Farfesar da ke duba aikina ta tafi ƙasar waje, sai Yuli za ta dawo. Kai ka koya mini riƙe igiya tun ban kai gwiwar maraƙi ba, don haka kai nake tambaya. Ya zan yi da ramin nan?

Jikarka,
Khaulah

Rano
21 ga Janairu

Amarya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Bintu ta faɗaɗa mini ita a waya har na karanta da kaina. Rubutunki bai gyaru ba, digiri na biyun ma bai taimaka ba. Muna nan lafiya. Ƙafa tana nan da halinta, ni ma ina nan da nawa.

Tabɗijam! Shekara talatin da biyar na yi ina malamin dabbobi, babu rugar da ban taka ba daga nan har Tudun Wada, ban taɓa jin an tatsi ɓauna ba. Na kalli hoton da kika turo, na ce wa Bintu wannan ai saniya ce da ta faɗa tukunyar baba. Na kai labarin majalisarmu ta ƙofar masallaci, Alhaji Alkasim mai kanti ya rantse ƙarya nake yi, sai da na aika aka karɓo wayar.

Zancen rami kuwa, har sai kin tambaya? Haba Khaulatu, a gidan wa kika tashi? Dabba mai kofato ba ta shiri da taɓo, ko a Rano take ko a bangon duniya. Taɓo shi ne ruɓewar kofato, shi ne tsutsar ciki, shi ne ciwon hantsa. Kuma saniyar da ƙafarta ke ciwo ba ta tsaya wa bijimi, sai ki wayi gari aikinki ya lalace a banza. Ki cike shi. Kada ki zuba jar ƙasa, za ta sake kwaɓewa. Yashi za ki sa, mai tsakuwa, ki dandaƙe shi, sannan ki ja magudana ta gefen da ya fi gangara don ruwan sama ya wuce. Idan ma'aikatan wurin suka yi miki gardama, ƙyuya ce, na san irinsu. Kada ki yi musu dariya ranar aikin.

Ke da kike auna wa ɓauna wurin kwana, ke mita nawa aka ba ki a ɗakin naku? Ki rubuta wannan ma a kundin.

Oktoba kika ce. Na sa Bintu ta zagaye shi da jan biro a kalanda. Ki ci abinci, ki riƙe addu'a.

Angonki da kika gudu kika bari,
Datti

Wangsa Maju
14 ga Afrilu

Kaka,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo. Ka yafe mini shirun nan, tun asuba nake fita, ba na dawowa sai magariba ta kusa. Abincin ma a kedai mamak, ɗan shagon abinci na ƙasan beninmu, nake yin tapau, wato a ƙunshe mini, na ci a tsaye.

Na bi maganarka tun farkon Fabrairu. Tifa huɗu ta yashi ramin ya ci. Magudanar ma ta yi kyau, ko ruwa aka kwana ana yi, kafin hantsi filin ya bushe ƙaƙas. Da ka gani da ka sa mini albarka. Kofato ko ɗaya bai yi ciwo ba.

Gardamar da ka faɗa kuwa na sha ta. Akwai wani dattijo mai kula da su, Pak Samad, ya kai shekara sittin. Ranar da tifar farko ta zo ya tsaya a gabanta yana kaɗa hannu yana cewa “Tak boleh, tak boleh,” wato ba zai yiwu ba. Turancinsa kaɗan ne, Malayancina bai wuce na sayen abinci ba. Na ɗaure fuska kamar yadda ka ce, na nuna masa takardar da mai gona ya sa wa hannu cewa shingen biyu suna hannuna. Ya kalle ni, ya ɗauki shebur. Tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Don kada a ce na hana su ruwa, na sa ana fesa wa shingen biyu da tiyo safe da yamma, daidai wa daida.

Amma Kaka, hankalina bai kwanta ba, kuma na rasa dalili. Na ƙaramin shinge suna shan wuya, wannan na zata. Ƙaho ya yi wa biyar rauni a haƙarƙari, akwai wata ƙarama da ban taɓa ganin ta kwanta da rana ba, kullum a tsaye a jikin ƙarfe. Na babban shingen ne suka ɗaure mini kai. Ga fili fetal an ba su, amma da rana ta ɗaga sai su dunƙule a ƙarƙashin rumfa, baki buɗe, suna haki. Ba sa cinye abincinsu. An shigo da bijimi ya yi kwana goma, biyu kaɗai suka kula shi. Wata kuma kullum sai ta je inda ramin yake dā ta yi ta tonon yashi da ƙaho, mu cike, ta sake tonewa.

Na ce ko zafin watan nan ne, don mutanen garin ma suna kuka da shi. Ka taɓa ganin shanu sun yi haka?

Khaulah

Wangsa Maju
11 ga Yuli

Kaka,

Assalamu alaikum. Na ga amsarka ta Afrilu cewa in ƙara musu gishiri da kanwa in yi haƙuri, na kuma yi. Gwaggo ta ce kun je asibiti a Kano, amma ta ƙi faɗa mini abin da aka ce. Me aka ce?

An yi wa dukkansu hoton ciki. A ƙaramin shinge, bakwai cikin sha biyu sun ɗauka. A babba, uku. Akasin abin da kowa ya zata ke nan.

Farfesa ta dawo, ta duba alƙaluman a ofis, ta ce abin mamaki ne, amma sakamako sakamako ne, zai wuce, in rubuta in miƙa ranar sha biyar ga Satumba. Mai gona har kwalin madara ya aiko mini.

Akwai maganar da nake son yi maka, amma bakina ya yi nauyi. Na fara rubuta ta sau uku ina yagawa. Bari dai sai na samu natsuwa.

Khaulah

Rano
19 ga Yuli

Amarya,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi! Zai wuce, in ji Farfesa. Wannan layin sau biyar na karanta shi. Ko ƙaramin shinge ne ya ci ko babba, wannan tsakaninku ne da ɓaunayenku, ni dai jikata ta gama.

Ban iya riƙe shi a ciki ba. Bayan la'asar na sanar a majalisa cewa Khaulatu tana tafe a Oktoba da digiri na biyu, kuma shawarar da ta gyara aikin daga bakin nan ta fito. Alhaji Alkasim ya ce yanzu kuma har Malesiya nake yi wa aiki. Na ce da can ma su ne ba su nemo ni ba. Liman ya yi addu'a. Na sa an fara yi wa ɗakinki fenti, an kuma ware ragon da za a yanka.

Asibiti kuwa, kada ki ɗaga hankalinki. Wani yaron likita ne ya ɗora mini abin awo ya ce zuciyata ta gaji, ya haɗo ni da ƙwayoyi kala huɗu. Na ce masa shekararta saba'in da takwas tana aiki ba hutu, dole ta gaji, amma ya gaya mata ta jira Oktoba.

Sai maganar da ta yi miki nauyi a baki. Yo ni yaro ne? Budurwa ta rubuta abu sau uku tana yagawa, ai an san zancen. Wane ne ya yi mini kutse? Ɗan ina ne? In dai yana salla kuma ya san darajar mutane, ki faɗi sunansa kawai, ni zan ji da iyayenki. Sai dai ki gaya masa ban saki ba tukuna.

Datti

Wangsa Maju
16 ga Agusta

Kaka,

Assalamu alaikum. Da fatan jikin da sauƙi, kuma kana shan ƙwayoyin nan ba ɓoye su kake a ƙarƙashin buzu ba.

Babu wani saurayi. Wallahi da shi ne da na ji daɗi. Na kusa wata guda ina juya takardarka, duk sanda na kai wurin majalisa da rago sai na ajiye ta. Ka zauna sosai ka karanta wannan.

Sakamakon nan ba gaskiya ba ne. Ni na ɓata aikin, ranar da na cike ramin.

A ƙarshen Yuni, saura kwana uku a rufe gwajin, aka yi wani ruwa da tsakar rana wanda ya fasa magudanar. Ruwa ya taru a kusurwar, yashin ya zama caɓi. Kaka, da gudu suka fita daga rumfar, su sha biyun, har da wadda ba ta tashi sai an dake ta. Suka zube a ciki suna birgima. Cikin rabin awa hakin ya tsaya. Na ga sun lumshe ido suna tuƙa, abin da na yi wata biyar ban gani da rana ba. Ina tsaye da lema ina ihu a kawo shebur.

Pak Samad bai kawo ba. Ya kira ni da hannu, ya kai ni wurin bijimin da ke ɗaure a inuwa, ya ce in ɗora tafina a bayansa. Zafi kamar murfin tukunya. Ya shafa fatar ya nuna mini babu gashin kirki, ya shafi goshinsa ya yarfe gumi, ya nuna bijimin ya girgiza kai. Sannan ya haɗa ɗan Turancinsa ya ce, “Saniya, inuwa ta isa. Wannan, sai taɓo. Babu taɓo, babu ɗa.”

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san wannan. Na karanta cewa ɓauna ba ta gumi sosai, da kwanciya a ruwa take huce jikinta, har jarrabawa na ci da shi. Amma da na tsaya a gaban ramin, ban ga abin da na karanta ba, jar saniyarka na gani. Na ɗauka fesa tiyo sau biyu ya wadatar. Na ƙaramin shinge suna ƙarƙashin kwano yini guda, kuma ana wanke daɓensu da tsakar rana, ruwan yana taɓa su. Na babba kuwa na raba su da abin da ke sa filin ya yi musu amfani, suka koma suka cushe a rabin shingen mai rumfa cikin zafi. Ban gwada matsi da yalwa ba, matsi biyu na gwada, ɗaya ya fi ɗaya azaba.

Farfesa ba ta sani ba. Ba ta taɓa ganin ramin ba, ni kuma ban rubuta zancen yashi a ko'ina ba. Pak Samad ba zai faɗa ba, ba ya shiga ofis.

Mai gona kuwa ya riga ya kira magina. Zai raba babban shingen uku, ya daɓe da siminti, ya ƙaro ɓauna sittin, tunda ga takardar jami'a ta ce matsi ba ya hana ciki. Ya ce zai raba kofen aikina ga ƙungiyarsu ta masu kiwo. Ina jin haka sai ƙaramar nan da ba ta kwanciya ta faɗo mini a rai.

Idan na yi shiru, na miƙa kundi, Oktoba ina gida. Idan na faɗa, gwajin ya rushe, sai an sake shi daga Fabrairu, a irin watannin zafin. Ba zan dawo ba sai Yulin baɗi, ba tallafi, kuma in Farfesa ta yarda ta riƙe ni ke nan. Ga abin da likita ya ce game da zuciyarka.

Ina jin tsoro, Kaka. Ka gaya mini abin da zan yi.

Khaulah

Wangsa Maju
6 ga Satumba

Kaka,

Assalamu alaikum. Yau sati uku. Kullum sai na kira Gwaggo, kullum amsa ɗaya: “Ya karanta, yana hutawa.” Da na matsa mata sai ta ce ana kiran ta a waje.

Na san na ɓata maka rai. Na sake karanta abin da na rubuta, na ga inda na ce jar saniyarka na gani. Wallahi ban ce laifinka ba ne. Kai ba ka taɓa ganin ɓauna ba, ni ce na gan ta, na taɓa ta, na karanta ta. Tambayarka na yi, ka ba ni abin da ka sani. In wannan layin ne ya yi maka ciwo, ka yafe mini.

Na kasa zama wuri ɗaya. Shekaranjiya na hau LRT zan je makaranta, ban sauka ba har ƙarshen layi, na dawo, na sake komawa. Jiya na tsinci kaina a titin kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman ina zagaya shagunan yadi, na saya wa Gwaggo mayafi, na saya maka farin yadi mai laushi, na sayi akwati. Da na dawo 'yan ɗakinmu suka yi ta murna wai na fara shiri. Gona kuwa rabona da ita kwana tara, ba na iya haɗa ido da Pak Samad.

Kundin yana nan an buga an ɗinke, babu kalmar yashi a ciki. Tunda ba ka ce komai ba, na yanke. Ranar sha biyar zan miƙa shi yadda yake. Ɓauna ba su san ni ba, kai ka san ni. Ba zan zauna a nan ina tonon rami a kira ni a ce in yi haƙuri ba. Ko kana fushi da ni, gara in zo ka yi fushin ina ganin ka.

Khaulah

Rano
12 ga Satumba

Khaulatu,

Wa alaikumus salam. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Bintu ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce ta karanta mini bayan ta gama don kada ta rage ko ta ƙara.

Satin farko fushi na yi, ba zan ɓoye miki ba. Na ce wani Pak wane zai koya mini kofato? Sai na sa Bintu ta nemo mini ɓaunayen nan a waya, masu motsi. Na yini ina kallon su a cikin taɓo, har da 'ya'yansu. Ban ga mai ɗingishi ko ɗaya ba. Kunya ta kama ni irin wadda rabona da ita tun ina ɗan koyo. An tambaye ni abin da ban sani ba, maimakon in ce ban sani ba, na ce har sai kin tambaya. Kuma na sa kika ɗaure wa mutumin da ya sani fuska.

Sati na biyu na ɗauki biro zan rubuta miki, hannun ya ƙi. Ɓarin dama ne ya ɗan taɓu. Kwana shida muka yi a asibiti. Ni na hana Bintu faɗa miki, kada ki ga laifinta. Baki ya dawo, ƙafa tana ja, hannun ne dai shiru.

Takardarki ta ƙarshe ta fi ciwon tayar mini da hankali. Wato ni za ki sa a gaba ki miƙa ƙarya? A cushe dabbobi sittin a kan siminti, wasu ma su kwaikwaya, a ce saboda Datti yana son ganin jikarsa? Shekara talatin da biyar ban taɓa sa hannu a takardar lafiyar dabbar da ban duba ba, mahauta sun zage ni, fatake sun kai ƙarata. Ba a kaina za a fara ba, ina kwance.

Don kada ki ce kunyar mutanen gari kike taya ni ji, na riga na gama da wannan. Jiya Juma'a na sa aka ɗauke ni a kujera aka kai ni majalisa. Na ce musu, jama'a, maganar da na yi muku a Yuli ku mayar mini da ita. Khaulatu ba za ta dawo bana ba. Shawarar da na yi taƙama da ita, ita ta rushe mata aikin wata biyar, za ta sake daga farko. Alhaji Alkasim ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya kalle ni, ya fasa. Ragon na ba Liman ya raba.

Saboda haka ko kin zo a Oktoba babu mai taryar ki, na riga na ce ba kya zuwa. Ki je wurin Farfesa. Ki faɗa mata duka, har da sunana, kada ki ɗauka ke kaɗai. Ki nemi Pak Samad ki ba shi haƙuri, nawa da naki.

Ina son ganin ki, Amarya. Allah ya sani babu abin da nake so kamar wannan. In kin zo kin tarar da ni, alhamdu lillahi. In ba ki tarar ba, na yafe miki duniya da lahira, kuma ba ki yi mini laifin komai ba.

Kakanki,
Datti

Wangsa Maju
15 ga Satumba

Kaka,

Assalamu alaikum. Ya jikin? Gwaggo, na gode, ki yafe mini matsin da na yi miki.

Na je. Na ajiye kundin a teburinta na ce kada ta karɓa, na faɗa mata komai. Ta cire tabarau. Sannan ta yi mini faɗan da ban taɓa sha ba, rabinsa da Turanci rabinsa da Malayanci, ta ce ita ma da laifinta da ba ta taka gonar ba. A gabana ta kira mai gona ta ce ya dakatar da magina. Bai ji daɗi ba ko kaɗan, har ta wayar ina jin muryarsa. Za ta riƙe ni a ɗakin gwajinta in riƙa taya ta aiki, ta kuma rubuta takardar ƙarin biza. Sunanka ban faɗa ba, wannan kaɗai na saɓa maka, kuma ba zan faɗa ba.

Daga can na wuce gona. Na isar da saƙonka. Pak Samad ya saurara, ya ce “Boleh, boleh,” wato ya yarda, ya tambayi shekarunka, ya ce zai sa ka a addu'a. Gobe za mu fara kwashe yashin.

Akwatin na tura shi ƙarƙashin gado. Yadin naka zan ba wani ɗan Kano da zai taho ƙarshen wata, a ɗinka maka ka sa, kada ka ajiye.

Na bi maganarka, saura kai ka bi tawa. Ka sha maganinka, duka kala huɗun. Ka bar Gwaggo ta riƙa motsa maka hannun ko da ciwo. Wata goma ne, Kaka. Ka jira ni.

Khaulah